Matar da muka sayi ɗan kwikwiyonmu a wajenta: tauraro huɗu na ba ta, ga inda na biyar ɗin ya maƙale

Na daɗe ina cewa zan rubuta wannan ina ta ɗagawa, yanzu dai kwikwiyon ya cika wata bakwai, wata biyar kenan yana gidanmu, ina ganin na ga abin da zan iya faɗa ba tare da na zalunci matar nan ba kuma ba tare da na yi mata kwalliyar ƙarya ba. Ba zan kama sunanta ba don akwai ƙorafi a ciki, Mama dai nake ce mata don a shekaru ta haife ni, ita kuma 'yar nan take ce min har yau ko sunana ban tabbata ta riƙe ba.

Mu dai ba mu taɓa ajiye kare ba, daga ni har Abbansu. Yara ne suka matsa, shekara biyu cur ana abu ɗaya, babbar tana da shekara goma ƙaramin shida, har takarda suka rubuta suka sa hannu wai su za su dinga kwashe kashi (ku tambaye ni yanzu wa ke kwashewa). Da muka amince sai na ɗauka abin kamar sayen firij ne, ka ga hoto ka tura kuɗi a kawo maka, ashe ba haka ba ne ko kusa.

Da farko ma irin karen da za mu ɗauka sai da aka kai ruwa rana. Abbansu Jaman Shefad yake so don kwarjini, yara kuma irin masu tamɓararriyar fuskar nan suke so, su Fog da Buldog, saboda suna ganinsu a bidiyo suna minshari abin dariya. Likitan dabbobin da muka fara zuwa wajensa kafin mu sayi komai, wanda shi ne abu mafi hankali da muka yi a duk lamarin, ya ce minsharin nan ba abin dariya ba ne, hanyar numfashinsu ce a matse, da yawansu wahala suke sha musamman idan an yi zafi, wasu har sai an yi musu aiki. Shefad kuma ya ce kare ne mai kyau amma yana son wanda ya san hannu. Shi ne aka tsaya a kan Labrado. Ya dai gargaɗe mu cewa dabba ce da za ta kai kilo 25 zuwa 36 idan ta girma, ta yi shekara goma zuwa sha biyu ko fiye tana tare da mu, wato babbar 'yata za ta iya gama jami'a karen yana nan, ga zubar da gashi ba kama hannun yaro. Na ce toh mun ji.

Kafin in kai ga Mama na yi magana da mutum biyu, kuma dole in faɗe su don da su nake auna ta. Na farkon a intanet na ga tallarsa, hotuna masu kyau kamar na kalanda, ina tura saƙo ko minti biyu ba a yi ba ya amsa. Yana da Labrado, yana da Shefad, yana da Fudul, yana da wasu iri uku, duk a shirye yau yau ɗin nan. Na ce sati nawa ne kwikwiyon, ya ce shida amma ya fara cin abinci ba matsala. Na ce ina so in ga uwar, ya ce uwar tana wajen ɗan'uwansa, shi dai in faɗi inda zai same ni a hanya ya kawo min har mota, in tura kafin alƙalami yanzu don akwai mutum uku da ke layi. Bai tambaye ni komai ba, ko ina da gida ko a ƙarƙashin gada nake kwana bai dame shi ba. Wallahi saura kaɗan in tura, don hoton ya shiga raina, Abbansu ne ya ce ki bari mu kwana a kai. Daga baya na fahimci wannan dillali ne, sarowa yake daga inda ake tara karnuka a keji ana ta haifar da su kamar kaji, kuma irin wannan cinikin ne Ingila ta hana tun Afrilun 2020, dokar da ake kira dokar Lucy, inda aka ce kwikwiyon da bai kai wata shida ba sai dai ka saye shi kai tsaye daga wanda aka haife shi a hannunsa ko ka karɓo daga gidan ceton dabbobi.

Ta biyun ba 'yar damfara ba ce, mutuniyar kirki ce ma, karyarta ce ta haihu da karen maƙwabci shi kenan. Na ga uwar, na ga 'ya'yan a kwali a bayan kicin, amma da na tambayi gwajin ƙugu sai ta yi dariya ta ce ai ga ta nan tana gudu lafiyarta ƙalau. Kuma tana ta nanata min wai launinsu na musamman ne, ruwan azurfa, ba a cika samu ba, don haka sun fi tsada. Launi uku ne dai aka sani a ƙa'idar Labrado, baƙi, rawaya da ruwan cakulan. Na yi mata godiya na tafi.

Mama kuma likitan ne ya ba ni lambarta, ya ce ki yi haƙuri da ita. Ban gane me yake nufi ba sai da na tura saƙo a WhatsApp aka kwana huɗu shiru, na sake turawa, sai a rana ta shida ta kira ni, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce 'yar nan, wa zai zauna da shi da rana? Na ce Mama ina aiki daga gida kwana uku a sati. Ta ce sauran biyun fa? Na fara in-ina. Ta ce gidan naku ne ko haya, in haya ne mai gidan ya yarda a rubuce? Akwai katanga, tsayinta nawa, akwai ramin da zai iya fita ta ƙasa? Yaran shekarunsu nawa, akwai mai asma ko wanda gashin dabba ke tayar masa da atishawa? Mijin naki yana so ko dai shiru ya yi don a zauna lafiya? Idan kuka yi tafiya wa zai riƙe shi? Idan ya karye a ƙafa tsakar dare kuna da abin biyan likita? Kusan minti arba'in tana yi min tambayoyi kamar na je neman aiki, ni da zan ba ta kuɗina. Na ajiye waya raina a ɓace na ce wa Abbansu matar nan ta raina ni. Shi kuma ya ce ita kaɗai ce a cikin ukun ta damu da inda karen zai kwana. Haushi ya ƙara kama ni don na san gaskiya ya faɗa.

Kuma a ƙarshen duk wannan ba ta da kwikwiyo ko ɗaya a ƙasa. Ta ce karyarta ɗaya za a kai barbara wata mai zuwa, cikin kare kwana 63 ne ko kusa da haka, sannan sati takwas a wajen uwa, ki lissafa da kanki. Ta ce in kina sauri ga masu sayarwa nan birjik. Kusan wata biyar muka yi muna jira, yara kullum Umma yaushe, Umma yaushe, har na fara jin haushin kaina.

Abin da ya sa na zauna a layin shi ne ta yarda mu je mu ga gidan tun kafin a yi cikin ma. Karnuka huɗu ne kawai gare ta, duk Labrado, biyu sun tsufa sun daina haihuwa suna nan kwance a falo abinsu, ɗaya har ta yi furfura a baki. Wannan ya burge ni fiye da komai, don tambayar da ban san zan yi ba kenan, ina tsofaffin suke zuwa idan sun gama amfani. Ta ce ba ta haɗa karya sai ta wuce shekara biyu, kuma ba ta wuce haihuwa uku take ajiye ta. Ko Kennel Club na Birtaniya ba sa yi wa 'ya'yan karya rajista idan ta riga ta yi haihuwa huɗu ko ta wuce shekara takwas sai da wani dalili na musamman, to ita ta ma rage ɗaya a kan nasu.

Sai ta ɗauko fayil. Nan ne na gane bambancin mai kiwo da mai sayarwa. Labrado suna da ciwon gado na gaɓar ƙugu, ƙwallon ƙashin cinya ba ya zama daram a cikin kwaskonsa, yana ta gogawa har sanyin ƙashi ya kama kare tun yana da ƙuruciya, haka ma gwiwar ƙafar gaba. Ba a gane shi da ido, shi ya sa maganar waccan matar ta cewa ga ta nan tana gudu ba hujja ba ce, sai an ɗauki hoton ƙashi bayan kare ya girma ƙwararru sun duba sun ba da sakamako. Tsarin kala-kala ne, na Birtaniya maki ne daga 0 zuwa 106 kuma ƙarami shi ne mai kyau, na OFA a Amurka da kalmomi suke rubutawa, na ƙungiyar duniya ta FCI kuma harafi ne daga A zuwa E. Uwar namu A ce, uban B, gwiwoyinsu duka 0. Akwai kuma takardar gwajin DNA na wata makantar gado da ake kira PRA wadda ke cinye ganin kare a hankali, da na wani ciwon da ke sa ƙafafun baya su saki idan kare ya yi gudu mai tsanani. Ta yi min bayani da biro a bayan ambulan, wai uban yana ɗauke da kwafi ɗaya na ƙwayar gadon ciwon na biyun, uwar ba ta da ko ɗaya, to tunda sai kwikwiyo ya gaji biyu ciwon ke bayyana, babu wanda zai kamu a cikin 'ya'yan, sai dai wasu su ɗauka su ma. Ba ta ɓoye ba, ni kuma da ba ta faɗa ba har abada ba zan sani ba. Ta ce in ɗauki hoton takardun in kai wa likitana, kuma in duba lambar cif ɗin da ke jikin takarda, wato ɗan abin shaida da ake sa wa kare a ƙarƙashin fata, ta yi daidai da ta karen, don ana aron takardar wani kare a nuna wa mutane. Na kai, likita ya ce ba su da matsala. Ya dai ƙara da cewa takarda mai kyau rage haɗari take yi ba garanti ba ce, ƙiba da yawan tsalle-tsalle tun yana ƙarami su ma suna lalata gaɓa.

Da aka haihu guda bakwai ne, ta turo hoto ɗaya tak, duhu-duhu ma, sai kuma shiru na kwana goma. Ba ta bari kowa ya je ba sai da suka yi sati huɗu, ranar da muka je kuwa tun daga ƙofa ta sa muka cire takalma, muka taka wani faranti mai ruwan bilic, muka wanke hannu har gwiwa, ta kuma tambaya ko mun biya ta wani gidan karnuka a ranar. Ƙaramin nawa ya ce Umma asibiti ne? Saboda farbo take yi, cutar da ke sa kwikwiyo amai da gudawar jini ta kashe shi cikin 'yan kwanaki, tun 1978 aka gano ta a karnuka, ƙwayar tana iya yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba kuma a tafin takalmi ake yawo da ita.

Ɗakin da suke ba wani na alfarma ba ne, kusa da kicin ne, akwai ɗan wari kam ba zan yi ƙarya ba, kwiyakwiyai bakwai ne ai. Amma shimfiɗar a bushe take, idanunsu tas, ba mai kumburin ciki, uwar ta zo ta shinshina mu tana kaɗa jela ta koma ta kwanta suka hau kanta. Rediyo a kunne, injin wanki yana ta ƙara a gefe, ta ce da gangan ne, daga sati uku zuwa wajen sha biyu ko sha huɗu duk abin da kwikwiyo ya saba da shi ba zai tsorata shi ba idan ya girma, wanda ya tashi a keji a bayan gida shi ne ke zama matsoraci, matsoraci kuma shi ke cizo. Akwai littafi da take rubuta nauyin kowanne kullum, da ranakun maganin tsutsa tun suna sati biyu, duk bayan sati biyu. Kowanne da zare mai launi daban a wuya. Ta zaunar da yarana a ƙasa ta ce ba a ɗaukar kwikwiyo a tsaye, ba a ɗaga shi ta ƙafafun gaba, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙarƙashin gindi. Da ƙaramin ya ja wa ɗaya jela ta daka masa tsawa a gabana, ni uwarsa ina zaune, na haɗiye dai.

Rigimarmu ta gaske a kan zaɓe aka yi ta. Yarana sun mutu a kan mai jan zare, wani rawaya ƙato mai hawa kan kowa, shi ya fara rugowa ya kama igiyar takalmin 'yata, ta ce shi ya zaɓe mu Umma. Mama ta ce a'a. Haka kawai, a'a. Ta ce wannan wuta ne, gidan da za a ba shi aiki zai je, ku da ba ku taɓa riƙe kare ba ga yaro ɗan shekara shida, wata uku za ku yi ku dawo min da shi kuna kuka. Ta ce sai sun kai sati bakwai za ta faɗa mana namu. 'Yata ta yi kuka a mota har gida, ni ma na ce wa Abbansu wannan wace irin sayayya ce, kuɗinka amma ba ka da ta cewa, saura ƙiris in ce ta dawo min da kafin alƙalamina. Wanda ta ba mu baƙi ne mai koren zare, ba shi ne mai rawar kai ba kuma ba shi ne mai laɓewa a lungu ba, yakan tsaya ya kalle ka tukuna sannan ya taho. Yara suka sa masa Kwalli. Yanzu da muke cikin gurup ɗin da ta buɗe wa mutum bakwai ɗin da suka ɗauka, ina ganin bidiyon mai jan zaren nan yana tsallake katangar da ta kai ƙirjina, ina ta hamdala a zuciyata. 'Yata dai har yau ba ta yarda Mama ta yi daidai ba.

Ranar ɗauka yana da sati takwas da kwana uku. Na roƙe ta ta ba mu shi a sati bakwai don ya dace da hutun makaranta ta ƙi, ta ce a makonnin nan ne uwa da 'yan'uwa ke koya masa iya cizo, in ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi aka yi ƙara aka daina wasa da shi sai ya gane. Ta ba mu katin rigakafi da sitikar kwalbar allurar a manne da sa hannun likita da kwanan wata, allurar farko ta farbo da distempa da ciwon hanta, ta rubuta ranar ta gaba, ta ce za a yi ta maimaitawa duk bayan sati uku zuwa huɗu har ya kai sati sha shida, ta haukan kare kuma daga sati sha biyu, kafin nan kar ya taka inda karnukan da ba a sani ba ke kashi, amma a ɗauke shi a hannu a fita da shi ya ga mutane da motoci. Ta ba mu abincin sati ɗaya, da wani tsumman bargo da uwar ta kwana a kai. Sai yarjejeniya shafi uku: mu kai shi wajen likitanmu cikin kwana uku, in an ga wani ciwo babba mu dawo da shi ta mayar da kuɗi, ba za mu haɗa shi barbara ba sai da izininta, kuma duk ranar da muka kasa riƙe shi ko yana da shekara goma ne, wajenta za mu mayar, ba sayarwa ba kyauta. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ya sa na sa hannu hankalina kwance.

To yanzu ga inda tauraro ɗaya ya faɗi, kuma ba abu ɗaya ba ne.

Da muka kai shi likita a rana ta biyu, ya leƙa kunnensa ya ciro wani baƙin datti kamar garin kofi, ya sa a madubin ƙara girma ya ce zo ki gani, wasu ƙananan ƙwari ne farare suna motsi, ƙwarin kunne. Ba wani babban ciwo ba ne, magani ne na ɗigawa, amma daga gidanta ya zo da su, kwana biyu ba su isa su taru haka ba. Na kira ta, maimakon ta ce ayya sai ta ce a gidana? Ba dai a gidana ba 'yar nan, shekara ashirin ina wannan abu, ku dai duba inda kuka ajiye shi. Raina ya sosu sosai don ni ba faɗa na kira ba, so nake ta duba sauran. Bayan kwana biyu sai ga saƙo a gurup wai kowa ya duba kunnen nasa, an samu a jikin uwar da guda uku, kyanwar da ke shigowa gidan ce ta kawo. Ta biya kuɗin maganin kowa, wannan na yaba, amma har yau ba ta ce min yi haƙuri na musa miki ba.

Na biyu takardu. Cif ɗin da ake sa musu a ƙarƙashin fatar wuya, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai lamba 15, an sa masa kam, amma lambar da ta rubuta a yarjejeniya ta juya lambobi biyu, likita ne ya gano da ya ɗora na'ura. Mayar da rajistar zuwa sunanmu kuma sati shida ta ɗauka, kullum gobe, kullum intanet ɗinta ba kyau, da ya ɓata a wannan tsakanin ita za a kira ba mu ba, ita kuma ga yadda take ɗaga waya. Matar da ke rubuta nauyin kwikwiyo kullum ba fashi amma cike fom ɗaya ya gagare ta, abin har mamaki yake ba ni.

Na uku maganar abinci. Akwai wani iri guda da ta rantse a kansa, a wajenta kuma ake saye, ta nuna mana kamar in muka canza karen zai lalace. Likita ya ce ba haka ba ne, duk cikakken abincin da aka yi don kwiyakwiyan manyan karnuka ya isa, a dai canza a hankali cikin kamar sati ɗaya ana gaurayawa don kar cikinsa ya ɓaci, kuma kar a ƙara masa sinadarin kalsiyam da ka. Ba na cewa cuta ta yi niyya, ta yarda da abin ne da gaske, amma ya kamata ta faɗa cewa tana da riba a ciki. Inda na ba ta gaskiya shi ne awo, ta ce a dinga auna masa da sikeli kar a biye wa idonsa. Labrado ba ya ƙoshi, masu bincike a jami'ar Kambirij sun gano a 2016 cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu suna da wani canji a ƙwayar gadon da ake kira POMC da ke sa su jin yunwa kullum, ni dai ban gwada Kwalli ba amma na ga ya cinye rabin soso da safa ɗaya ta Abbansu. Ta kuma liƙa mana jerin abin da ba a ba shi, cakulan, inabi da busasshensa, albasa, da cingam mai zaƙin zailitol, yaran sun haddace shi fiye da karatunsu.

Akwai ƙananan abubuwa kuma, ba ta taɓa sa su a mota ba sai ranar allura, don haka ya yi mana amai sau biyu a hanya, kuma bai taɓa kwana shi kaɗai ba ko na awa ɗaya, daren farko zuwa na huɗu kuka ya yi ta yi kamar ana yanka shi, bargon uwar ya ɗan taimaka amma sai da na jawo kejin kusa da gadonmu na sa hannu ta cikin waya sannan ya yi barci. Fita fitsari kuwa duk bayan awa biyu har cikin dare, ta faɗa min tun farko, ni ce na ɗauka tana zuzutawa ne.

Abin da ya hana ni sauko da ita zuwa uku shi ne wani dare da yake da wata huɗu, lokacin yana famfara, haƙoran nono 28 suna zubewa na manya 42 suna fitowa, ya ciji duk abin da ya gani har da ƙafar ƙaramin nawa, yaron ya hau kujera yana kuka yana cewa a mayar da shi ba ya so. Ni ma na gaji, na tura mata saƙo ƙarfe goma sha ɗaya na dare na ce Mama na kasa. Matar da ke kwana shida ba ta amsa ba, cikin minti biyar ta kira. Ta ce awa nawa yake barci a rana? Na ce ban sani ba, yara na dawowa makaranta suke tashinsa. Ta ce to ba mugunta ba ce gajiya ce, ɗan wannan shekarun yana buƙatar barcin awa sha takwas ko fiye, in bai samu ba haukacewa yake kamar jaririn da aka hana barci. Ta ce awa ɗaya a farke, awa biyu a keji, a jiƙa tsumma a sa a firiza a ba shi ya tauna, in ya kama fata kowa ya tsaya cak ya bar ɗakin, ba duka ba ihu, kuma kar in sake barin yaron da shi ba babba a wajen. Washegari da yamma sai ga ta da kanta ta zo da ɗaya daga tsofaffin karnukan nan, mai furfurar, ta sake ta a tsakar gida. Kwalli ya rugo zai kama mata kunne, tsohuwar ta yi wani gurnani ɗaya ƙasa-ƙasa ko tashi ba ta yi ba, sai ga shi ya kwanta ya nuna ciki. Ƙaramin nawa ya sauko daga kujera yana dariya. Ba ta karɓi ko sisi ba, shayin ma rabi ta sha.

Wanda ke son ya biya yau ya ɗauka gobe, ko wanda ba ya son a yi masa tambaya a kan gidansa, ko mai son ya zaɓi launi da kansa, kar ya ɓata lokacinsa wajenta, za su yi faɗa tun a waya. Ta fi waɗancan biyun tsada nesa ba kusa ba, jiran ma ya fi kuɗin ciwo. Kuma in da zan sake, zan fara leƙa gidajen ceton dabbobi ma, don sai daga baya na san akwai manyan karnuka masu hankali da ke jiran gida a can waɗanda sun wuce shekarun cin takalmi. In kuma wajenta za ka je, ka sa a ɗora na'ura a kan cif ɗin a gabanka ka gwada da takarda, ka tsaya a cike fom ɗin canjin suna kafin ka fita daga gidan, ka leƙa kunnen kwikwiyon.

Jiya ma ta turo saƙo, ba sallama ba komai, wai 'yar nan hoton da kika sa a gurup na ga ƙugunsa ya fara ɓacewa, ki shafa haƙarƙarinsa in ba ki ji su ba ki rage masa abinci, ki turo min nauyinsa ranar Asabar. Na shafa ɗin, sai da na danna sosai kafin na ji su, ashe ƙaramin nawa ne ke ba shi rabin abin karyawarsa ta ƙarƙashin tebur.